Wayar Yaya Tana Aljihunsa

Laraba, 1 ga Oktoba

Kwana ashirin da uku da rasuwar Yaya Khiem.

Ruwa tun safe. Na kai masa shinkafarsa teburin turare, na kunna sanda uku, na tsaya har suka ci rabi. Mama ta ce in sauke in ci, ba a zubar da abincin da ya riga ya taɓa. Na ci. Kamar ina tauna takarda.

Da na dawo daga makaranta na buɗe tsohuwar kwamfutar da ya bar min, sai ga wani dogon layi ruwan ɗorawa a saman shafin nan da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu. Sanarwa ce. Wai sun ƙara tsaro. Ranar 31 ga wata za a fitar da duk wanda ya daɗe a ciki, sai ya sake shiga da kalmar sirri, da kuma lamba shida da wayarsa za ta ba shi. A ƙasa sun jera sababbin abubuwa da 'yan taurari a gefe. Sabon launi. Mataimaki mai taƙaita aiki. Da wani abu wai shi magaji.

Kalmar sirrin tana cikin kwamfutar, ɗige-ɗige goma sha biyu, ita ke cika kanta.

Wayar kuwa tana aljihunsa. Mama ce ta sa masa da hannunta kafin a rufe akwatin gawar, bayan ta cika ta da caji. Ta ce yaron da ko banɗaki ba ya shiga ba waya, ta yaya zai yi tafiya irin wannan babu ita.

Na karanta sanarwar sau biyu. Na rufe. Na je na wanke kwanonin taliya.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Bari in rubuta shi dalla-dalla, ko kaina zai kama.

A farkon shekara Yaya ya fara yi min wata 'yar manhaja ta karanta littattafan soyayyata a waya. Idan Mama ta leƙo sai in taɓa kusurwa, labarin ya ɓace, shafin kimiyya ya fito. Na ɗauka gata ya yi min. Ashe tarko ne. Ba ka komawa labarin sai ka amsa tambaya ɗaya ta kimiyya daidai. Ranar da na gane, dariya ya yi har ya faɗo daga kan babur a tsaye.

A shafin nan yake ajiye aikin, cikin wani rumbu da ba mai gani sai shi. Duk gyaran da ya yi sai ya bar ɗan gajeren bayani. Mutane na rubuta "an gyara kaza". Shi kuwa surutu yake.

Guda ɗari da goma sha takwas ne. Na ƙirga ba tare da na karanta ba, na rufe rabin allon da littafin lissafi. Kullum ɗaya nake karantawa, daga na farko, ƙarfe biyar idan na dawo. Idan na bi a haka za su kai ni tsakiyar Janairu.

Na yau, na goma sha biyar: "Na ƙara girman rubutu. Auta tana matse ido kamar kifin da aka soya."

Ban yi dariya ba. Amma na ji muryar.

Asabar, 4 ga Oktoba

Layin ruwan ɗorawan yana nan. Yanzu har ƙirga yake yi. Saura kwana 27.

Litinin, 6 ga Oktoba

Bakwai na huɗu, addu'ar da ake yi masa duk bayan kwana bakwai. Malamin haikali ya zo da 'yar ƙararrawarsa. Na durƙusa inda aka ce, na sunkuya lokacin da aka sunkuya. Ƙafata ta mutu, ban damu ba.

Inna Sau, ƙanwar Mama, ta kalle ni ta ce wa Mama, ba ma a hankali ba, "Wannan 'yar taki dutse kika haifa? Tun ranar ko ɗigo ban gani ba."

Mama ta ce, "Ƙyale ta. Ke kin yi na mutum uku."

Ni ma ban san me ya sa ba. A littattafai mace na jin labari take zubewa, ruwa na dukanta, gashinta ya manne a kumatu. Ni da likita ya fito ya faɗa, takalminsa na kalla. Roba ne shuɗi, mai ramuka. Kwana huɗu kacal na zazzaɓin sauro, mutum mai shekara ashirin da huɗu, ni kuma ina ƙirga ramukan takalmi. Goma sha uku ne.

Yaya Quyen ta zo, wadda suke aiki tebur ɗaya da shi. Ita ce ta zo wancan satin ta karɓi kwamfutar ofis, tana ta ba da haƙuri kamar sata ta zo yi. Na so in tambaye ta zancen sanarwar. Sau uku ina matsawa kusa da ita. Na ƙarshe sai na ce mata ko za ta ƙara shayi.

Laraba, 8 ga Oktoba

Na tura mata saƙo. Rubutu ya fi min sauƙi. Ta amsa kafin in ajiye wayar: "Asabar ina zuwa. Kada ki danna fita, ko da gidan zai kama da wuta."

Na ashirin da ɗaya: "Tambaya ta goma sha biyu tana kayar da mai gaskiya. Zan gyara gobe. Ko jibi. Auta ba ta taɓa kaiwa can ba dai."

Na kai, Yaya. Sau biyu. Na ɗauka ni ce ban iya ba.

Asabar, 11 ga Oktoba

Yaya Quyen ta zo da rigar ruwa mai ɗiga, ta zauna a kujerarsa ba ta sani ba. Na bar ta.

Na ce ko za mu je a yanko mana layinsa, lambobin su shigo sabuwar waya.

"Ai ba ta layi suke zuwa ba, ƙanwata. Cikin wayar kanta suke haihuwa, duk rabin minti sabuwa. Yanzu haka ma da akwai caji..." Sai ta kama goge gilashinta da gefen riga.

Ta gwada abubuwa da yawa. Duk ƙofar da ta taɓa, ko ta ƙara wani mutum, ko ta kwashe rumbun da tarihinsa, shafin sai ya ce a kawo lamba shida. Wai sabon tsarin ke nan. Ta ce da watan jiya ne, minti biyar ya ishe ta. Ta zagi shafin, sannan ta ce gaskiya ma dai daidai suka yi, ɓarayi sun yi yawa, sannan ta sake zaginsa.

Abin da ya yarda kawai shi ne a sauke fayilolin. Ta sauke min. Na buɗe. Manhajar tana ciki duka, amma ba bayanan. Gida babu mai gida.

Magajin kuma, mai asusu ne yake naɗawa da kansa tun yana raye. Kwana ashirin da biyu bayan Yaya suka fito da shi.

Ta ce saura hanya ɗaya. Ranar da mutum ya haɗa wayarsa da shafin, ana ba shi lambobin gaggawa guda goma sha shida, don irin ranar da waya ta ɓata. Kowa na ɓoye nasa wani wuri. Nata suna cikin gwangwanin shayin kakarta.

"Yayanki kuwa, wannan shaƙiyyin, ba inda ba zai iya sawa ba. Kin duba bayanan nasa kaf? Mutumin da ke rubuta abin da ya ci da rana a wurin aiki, ƙila ya faɗa."

Na ce ɗaya nake karantawa kullum.

"To yau ki karanta duka mana."

Na ce a'a.

"Ko ki bar ni ni in karanta, ki juya baya."

Na ce a'a. Da ƙarfi, har Mama ta leƙo daga kicin. Ban taɓa ɗaga wa babba murya ba. Yaya Quyen ta ɗaga hannu biyu ta ce, "Na ji, na ji, 'yar sarauniya." Ta ci taliya kwano ɗaya ta tafi.

Ban iya yi mata bayani ba. Idan wani ya karanta, an karanta ke nan. Yanzu yana da sauran magana casa'in da huɗu da bai faɗa min ba tukuna.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Na juye ɗakinsa. Durowa, aljihunan wando, ƙarƙashin katifa, cikin hular kwano, bayan hoton ƙungiyar ƙwallonsu. Na zazzage littattafansa ɗaya bayan ɗaya ina riƙe da su ta gindi. Tikitin fakin ya faɗo, da busasshen ganye, da takardar alewa.

A ƙarshen kanta na ga littafina. *Mai Laima Shuɗiya.* Tun watan Afrilu ya ƙwace shi, saura min babi biyu, ya ce sai na ci bakwai cikin goma a kimiyya zan gan shi. Shida da rabi ne mafi yawan abin da na taɓa ci. Har yau ban san wa Ha Lam, yarinyar labarin, ta zaɓa ba, likitan ko mai gyaran babur. Na zazzage shi shi ma. Ba abin da ya faɗo. Ban buɗe ba, ai ban ci bakwai ba.

Na mayar da komai yadda yake, har takardar alewar.

Litinin, 13 ga Oktoba

Bakwai na biyar. Na sa farar rigar makaranta da ɗan baƙin ƙyallen makoki a ƙirji. A aji kowa na min magana a hankali kamar marar lafiya.

Laraba, 15 ga Oktoba

Hannuna ya zame na danna sabon mataimakin nan. Kafin in rufe ido ya riga ya rubuto:

"Gyare-gyare 118. Akasari na shafin karatu da tambayoyin kimiyya. Bayanan sun ƙunshi kalamai da dama marasa alaƙa da aiki."

A ƙasa ya tambaye ni ko taƙaitawar ta yi amfani. Ɗan yatsa sama, ɗan yatsa ƙasa.

Ban danna ko ɗaya ba.

Asabar, 18 ga Oktoba

Mun je shagon kayan takarda ni da Mama da Inna Sau, sayen abin da za a ƙona masa ranar cika kwana arba'in da tara, don ya iske shi can. Riga, takalmi, babur ja, gida mai hawa biyu har da na'urar sanyi a manne, duk na takarda. Inna Sau ta ɗauko kwamfutar takarda tana juya ta.

"Wannan ta bana ce ko tsohon yayi? Yaronmu ba ya taɓa tsohon kaya."

Mai shagon ya ce, "Inna, wannan ko a can ba ta fito ba tukuna. Shi zai fara riƙe ta."

"To ina cajarta? Haka za ka tura shi yana bin maƙwabta aro?"

Ya ɗauko caja ta takarda, har da ɗan zare. Mama ta sa aka ƙara biyu. Ta ce wayar aljihunsa ma ai ta mutu zuwa yanzu.

Na kusa faɗa mata a nan. Bakina ya buɗe. Amma me zan ce? Mama, abin da kika sa masa a aljihu shi ne makullin? Ita da take cewa abin da ke sa ta iya barci shi ne ta san bai tafi haka nan ba.

Ni na riƙo babur ɗin a baya har gida, ina kare shi da rigar ruwana. Ni na jiƙe, shi bai jiƙe ba.

Litinin, 20 ga Oktoba

Bakwai na shida. Saura kwana 11.

Na rubuta wa masu shafin. Cikin minti ɗaya amsa ta zo, suna jajanta min, sun kira ni Khiem. Wai don kare masu asusu ba sa buɗe rumbun sirri ga kowa sai magajin da aka naɗa. Suna fatan ina jin daɗin sababbin abubuwan.

Laraba, 22 ga Oktoba

Na talatin da biyar: "Mama ta shigo, na taɓa kusurwa don gwaji. Ta kalli kimiyyar ta ce, yaushe ka koma aji goma sha ɗaya? Wannan matar ba a yi mata wayo."

Yaya Quyen ta turo: "Auta, ko hoto ki ɗauka ido rufe." Na gwada. Sai an sauko da shafin, kuma idon ba ya rufuwa. Na ga kalma biyu daga can ƙasa, "kifi" da "Lahadi". Na kife kwamfutar. Yanzu na ɓata ɗaya.

Wani lokaci ina tunanin lambobin za su zo da kansu. A littafi haka ake yi. Wani baƙo ya tsaya a ƙofa cikin ruwa da ambulan a hannu, ya ce yayanki ya bar min wannan. Dogo, mai shiru. Har na san kalar rigarsa.

Mai kawo gas ne kawai ya zo yau.

Juma'a, 24 ga Oktoba

An raba takardun kimiyya. Shida.

Lahadi, 26 ga Oktoba

Mama ta haɗa kayansa na gaske da za a ƙona tare da na takarda. Rigar ƙwallo, tawul, silifas. Ta ce kowa ya sa abin da yake so ya tafi da shi, gobe ne zai wuce, daga nan ba a ƙara kai masa shinkafa.

Inna Sau ta kawo kati na wasa, ta ce ya samu abin cutar mutanen can kamar yadda yake cutarta.

Na daɗe tsaye a ɗakinsa. Ba ni da komai nawa da zai so. Sai na ɗauko *Mai Laima Shuɗiya*. Shi ya ƙwace, ban kuma cika sharaɗin ba, to nasa ne. Idan na bar shi a kanta, wata rana zan buɗe, kuma zai zama na cuce shi.

Mama ta karanta bangon ta ce, "Wannan shirmen za ki ba shi?"

Na ce eh.

"To. Ya ga abin da ya hana ki cin bakwai."

Litinin, 27 ga Oktoba

Arba'in da tara.

Ruwa ya tsaya da hantsi kamar an roƙe shi. Aka kunna wuta a durom a ƙofar gida. Gidan takarda ya fara shiga, sai babur, sai kwamfuta da cajojinta uku. Inna Sau tana kiran sunansa tana cewa ya karɓa da kansa, kada wasu su riga shi. Littafina bai kama da wuri ba. Sai da ta tona shi da sanda, shafukan suka buɗe ɗaya-ɗaya suna lanƙwashewa.

Mutane sun ci, sun tafi. Na share toka.

Na yau, na arba'in, gajere ne: "Launi." Shi ke nan. Na ji haushinsa kaɗan.

Talata, 28 ga Oktoba

Na arba'in da ɗaya.

"Na haɗa asusu da waya, kada ɓarayi su sace kimiyyar Auta. Lambobin gaggawa na kwafe su da fensir a gefen shafi na 200 na littafin laimar nan. Ba ɓarawon da zai kai shafi na 200. Ni ma don aiki kawai na buɗe."

Na karanta. Na sake.

Na fita ƙofar gida. Durom ɗin yana nan, ruwan safe ya shiga, tokar ta zama kunu. Na sa hannu har gwiwar hannu. Ban san me nake nema ba. Fensir ne fa.

Kwana ɗaya. Da na karanta biyu jiya maimakon ɗaya. Da ranar da ya rubuta "Launi" kawai na ce wannan bai isa ba, a ƙara min. Da na bar Yaya Quyen. Da na buɗe littafin.

Mama ta same ni a tsugune. Ta ce, "Ke, me kika jefa a ciki?"

Na faɗa mata. Duka, har wayar. Ban yi niyya ba, haka ya fito, a jere, kamar ina karanta jadawali.

Ta ɗebo ruwa a buta ta kama hannuna tana wankewa, har ƙarƙashin farce.

"Wato ni na ba shi makulli ɗaya, ke kika bi shi da na biyun."

Na ce eh.

"To ai nasa ne." Ta matse min yatsu da zaninta. "Kwana nawa ya rage?"

Uku.

"Guda nawa?"

Saba'in da bakwai.

"Gobe ba makaranta. Ni zan kira malamar."

Laraba, 29 ga Oktoba

Mama ta ba ni sabon littafi mai layi daga kanti. Na zauna a teburin baya, inda ake yanka ganye, ina kwafewa da hannu. Kwanan wata, sannan maganarsa. Ba na son hoto. Hoto ba ya ɗaukar lokaci.

Na fara daga na ɗaya, don su zama wuri guda. Da azahar na shiga waɗanda ban sani ba.

Mama na sallamar masu cin taliya tana leƙowa. "Me ya ce?" Sai in karanta mata. Na hamsin da biyu yana cewa miyarta ta yau gishiri ya yi yawa amma ba wanda ya isa ya faɗa. Ta ce, "Ɗan banza. Kwano biyu ya ci ranar."

Na kifin ma ya zo. Lahadi zai kai ni cin gasasshen kifi bakin teku idan na ci bakwai. Ba wani abu ba ne ashe.

Hannuna ya yi ciwo. Na tsaya a na saba'in.

Alhamis, 30 ga Oktoba

Na tamanin da takwas: "Na kai shafi na 240. Don aiki."

Na casa'in da uku: "Likitan nan maƙaryaci ne. Ba ruwana dai."

Na ɗari da ɗaya: "Na gama. Auta, idan kin ci bakwai kin zo nan kina leƙe: mai gyaran babur ta zaɓa. Daidai ta yi. Idan kika faɗa wa Quyen na karanta, na kashe ki."

Na ajiye biro. Wani sauti ya fito min ta hanci, ban san sunansa ba. Inna Sau da ke tsinke ganye ta ɗago ta ce, "Af, dutsen ya tsage?" Na ce tari ne.

Ni likitan nake so. Shekara guda ina son likitan.

Juma'a, 31 ga Oktoba

Na bar na ƙarshe sai ƙarfe biyar, lokacinmu.

Na ɗari da goma sha takwas, 3 ga Satumba: "Kaina na ciwo. Tambaya ta goma sha biyu gobe."

Na kwafe. Na duba ko akwai wani a ƙasa. Babu.

Na zauna ina kallon ɗan hotonsa a kusurwa, wanda ya sa hular kwano a juye. Ban san ƙarfe nawa za su rufe ba, ko da agogon wace ƙasa. Ban so in gani. Na tuna Yaya Quyen ta ce kada in danna fita ko gida zai kama da wuta.

Na danna da kaina.

Shafin ya ce sai an jima.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Ƙarfe biyar ta yi ina tsaye a tsakar ɗaki. Na je na wanke kwanonin da aka riga aka wanke.

Lahadi, 2 ga Nuwamba

Yaya Quyen ta zo da rake. Na nuna mata littafin, ban nuna mata na ɗari da ɗaya ba. Ta karanta kaɗan, ta cire gilashi, ta ce ɗakin nan zafi.

Ta tambaya ina fayilolin da ta sauke min. Na ce suna nan. Ta ce a kwamfutar da ta girmi wasu yaran unguwa? Idan ta mutu gobe fa?

Ta buɗe min asusu. Ban ce ina so ba, ban kuma ce ba na so ba. Sunana ta sa, An Nhien, na ga baƙon abu ne a wurin. Muka haɗa da wayata. Lambobi goma sha shida suka fito.

"To 'yar sarauniya, ina za ki ɓoye? Kada ki ce min littafi."

Na kwafe sau biyu. Ɗaya na ba ta. Ɗaya na kai wa Mama. Ta ninke ta sa a gwangwanin da take ajiye katin haihuwarmu, ta ce, "Wannan ba mai ƙona shi, ko ni ce na tafi." Wurin magaji kuwa, sai wanda yake da asusu a shafin ake iya sawa, Mama kuma ba ta da shi. Yaya Quyen ta ce in sa ta kafin Mama ta koyi rubuta manhaja. Mama ta ce daga kicin ta ji wannan.

Talata, 4 ga Nuwamba

Na buɗe fayil ɗin tambayoyin, don in gani kawai. Ban gane yawancinsa ba. Amma ta goma sha biyu na gane ta. Ya sa amsar a layi na uku, alhali ta biyu ce daidai. Na duba littafin makaranta sau biyu, na tambayi malama ma, ta yi mamakin jin muryata.

Lamba ɗaya ce. Na goge uku na sa biyu. Kusan awa guda ina neman inda ake ajiyewa.

Sai shafin ya buɗe min ɗan akwati, wai in rubuta bayanin gyara.

Na rubuta "an gyara tambaya ta 12". Na goge.

Na rubuta: "Gobenka ta yi, malalaci. Kuma likitan ya fi."

Ba wani abu ba ne. Ɗaya ne kawai. Mama na kira in zo in yanka lemun tsami, kuma yunwa nake ji.